Darasi na Goma Sha Huɗu: Tsohon Keke, Yadda Ake Gane Shi, a San Shekarunsa, a Farfaɗo da Shi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. gane kamfanin da ya ƙera tsohon keke ta alamomin da ke jikinsa;
2. karanta lambobin keke, ya kimanta shekarar da aka yi shi;
3. kwance keke, ya wanke, ya mayar, ba tare da ya ɓata abin da ba ya mayuwa ba.

Gabatarwa

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai wani baƙin keke jingine a zaure ko rataye a rumfa, tayoyinsa sun sace, gizo-gizo ya yi saƙa a ƙafafunsa. In aka tambaya sai a ce na Baba ne, ko na Kaka. A kansa malamin makaranta ya yi shekaru yana zuwa aiki. A kansa aka kai gyaɗa kasuwa, kuma shi aka hau da tsakar dare aka ɗauko ungozoma. A wancan zamani wanda ya sayi sabon Rali, unguwa duka sai ta zo gani, har a yi masa barka.

Yau irin waɗannan kekuna suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, ana auna su a kilo. Abin takaici ne, domin yawancinsu ƙarfensu lafiya lau yake. Abin da ya kwantar da su bai wuce taya da boris da tsatsar sama ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wata hasarar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta mai kyakkyawar niyya. Mutum ya ɗauko keken mahaifinsa, ya sa samfefa ya goge shi tas, ya fesa masa fenti, ya zubar da tsofaffin kayan ya sa sababbi. Keken yana tafiya, amma babu sauran mai iya cewa ga inda aka ƙera shi ko ga shekarunsa. Tsohon keke tamkar tsohuwar takarda ne, akwai rubutu a jikinsa. Saboda haka tsarin wannan darasi ɗaya ne: a duba, a karanta, a rubuta a littafi, sannan a ɗauki sifana.

1. Sassan keke

Kafin mu ci gaba, mu daidaita sunaye. Firam shi ne gangar jikin keke, wato bututun ƙarfen da aka haɗa, wanda kome ke rataye a kansa. Fok shi ne ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba. Wuya shi ne inda fok ya ratsa firam ya haɗu da kan keke. Gidan feda yana ƙasa, inda sandar feda ke juyawa. Kowace ƙafa tana da cibiya a tsakiya, da wayoyi, da rim wanda taya ke zama a kai. A cikin wuya da gidan feda da cibiyoyi akwai 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu sa kome ya juya da sauƙi.

A riƙe wannan: firam shi ne keken. Ana iya canza ƙafa, da sirdi, da kai, keke yana nan yadda yake. Ranar da aka canza firam, an sami wani keke dabam.

2. Daga ina suka fito?

Keke mai ƙafa biyu daidai-wa-daida da sarƙa mai jan ƙafar baya ya samu siffarsa ne a Ingila. A 1885 John Kemp Starley ya fito da kekensa mai suna Rover a birnin Coventry, a 1888 kuma John Boyd Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska. Kamfanin Raleigh, wanda Hausawa ke kira Rali, yana ƙirga farkonsa daga 1887 a birnin Nottingham. Ya samo sunansa daga titin da ƙaramar masana'antar take, kuma wani attajiri mai suna Frank Bowden ne ya raya shi.

Da kamfanin ya yi ƙarfi sai ya riƙa sayen abokan gasarsa: Humber a 1932, Rudge a 1943, Triumph a 1954, sashen kekuna na BSA a 1957. A 1960 kamfanin Tube Investments, mai kekunan Phillips da Hercules na yankin Birmingham, ya sayi Raleigh, aka mayar da ƙirar waɗannan sunaye ƙarƙashin Nottingham. Daga baya an buɗe masana'antar Raleigh a Kano, inda aka riƙa haɗa kekuna don kasuwar Nijeriya. A 2002 aka daina ƙera keke a Nottingham.

Waɗannan shekaru ba don hadda kawai aka kawo su ba, za su yi mana aiki nan gaba. Sannan a sani cewa Indiya da Sin sun ƙera miliyoyin kekuna a kan wannan siffa ta Ingila. Daga Indiya akwai Hero da Avon da Atlas, daga Sin akwai Phoenix da Forever da Flying Pigeon. A Indiya ma an daɗe ana ƙera kekuna masu sunan Hercules da Phillips da BSA. Ke nan baƙin keke mai birkin sanda ba lallai ne ya zama ɗan Ingila ba, kuma sunan Ingila a jikinsa bai isa hujja ba.

3. Gane keke

A fito da keken fili da hantsi, inda haske yake. A sami tsumma da ruwan sabulu a share ƙura a hankali. Kada a kankare kome tukuna. In akwai waya mai kyamara, a ɗauki hoton kowane gefe, da kowane rubutu, da yadda sandunan birki suka haɗu. Hotunan nan za su yi rana lokacin mayarwa.

*Tambarin wuya.* Wannan ne wuri na farko. Tambarin Raleigh kan zalɓe ne, tsuntsun nan mai dogon wuya, kuma na Ingila suna ɗauke da kalmomin Nottingham da England a ƙasa. Na Phillips zaki ne. Na Rudge tafin hannu ne. Na BSA bindigogi uku ne a jingine da juna, domin asalin kamfanin maƙerin bindiga ne. A duba ƙusoshin da suka riƙe tambarin. In sun yi sabunta fiye da sauran keken, ko akwai wasu ramuka a gefe da babu kome a cikinsu, to an taɓa cire tambari an sa wani.

*Kafaɗar fok.* Tambari ana iya saye a kasuwa a manna, amma ƙirar ƙarfe ba ta ƙarya. Kafaɗar fok ɗin Raleigh bututu ne a kwance, kowane gefe da ɗan farin murfi mai lotsawa ciki kamar ƙaramin kofi. Humber kuwa an san shi da fok mai siraran bututu biyu a kowane gefe.

*Farantin sarƙa.* Wannan shi ne faifan mai haƙora da feda ke juyawa. Kamfanoni sukan huda alamarsu a jikinsa. A na Raleigh za a ga kawunan zalɓe, a na Rudge hannu, a na Phillips sunan kamfanin. In keken yana da gidan sarƙa rufaffe, a buɗe murfinsa a leƙa.

*Ƙananan rubuce-rubuce.* A duba bututun firam ko akwai ragowar rubutun zinariya da siraran layuka. A duba fedoji, da ƙararrawa, da maƙalin fitila, da bayan sirdi. Sirdin fata mai sunan Brooks alama ce mai kyau, domin kamfanin na yankin Birmingham ne, kuma ya shiga hannun Raleigh a 1962.

A shari'a ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Haka nan a nan. In tambari da kafaɗar fok da faranti suka faɗi magana ɗaya, an gane keke. In suka saɓa, a gaskata firam da fok, domin su ne suka fi wuyar canzawa.

4. Sanin shekaru

*Cibiyar baya.* In keken mai giya uku ne, an yi sa'a. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ya fara a 1902, yakan buga kwanan wata a jikin cibiyoyinsa. A goge maiƙon da ke tsakanin wayoyi, za a ga sunan kamfanin, da haruffa irin su AW, wato samfurin da ya fito a 1936 kuma ya fi kowane yawa. Kusa da su akwai lambobi kashi biyu. Na farko shekara ce, na biyu wata. In an ga 63 da 7, an yi cibiyar a watan Yuli na 1963. In an ga 71 da 11, Nuwamba ne na 1971. Cibiyar gaba mai ba fitila wuta, wadda ake kira Dynohub, ita ma tana ɗauke da irin wannan lamba.

Sai dai lambar tana faɗar shekarun cibiya ne kawai. In ƙafar ta asali ce, keken ya fito a wannan shekara ko jim kaɗan bayanta. In an taɓa canza ƙafa, lambar ba ta ce kome a kan firam ba. A gwada rim ɗin gaba da na baya: ƙira ɗaya ce, tsufa ɗaya ne? A ƙirga wayoyi. Tsofaffin kekunan Ingila sukan zo da 32 a gaba, 40 a baya.

*Lambar firam.* Yawancin kekunan da suka yi aiki a ƙauyukanmu ba su da giya, don haka lambar firam ce abin dogaro. Ana samun ta a ɗaya daga wurare uku: a saman bututun da sirdi ke shiga, ko a ƙarƙashin gidan feda, ko inda ƙafar baya ke ɗaurewa. In fenti ya cike ta, a shafa alli a share sama-sama, haruffan za su fito. Daga wajen 1974 Raleigh ya bi tsari ɗaya: haruffa biyu, sannan lambobi. Harafin farko masana'anta ne, misali N na nufin Nottingham, W na nufin Worksop. Harafi na biyu lokacin shekara ne. Lambar farko kuwa ita ce ƙarshen shekarar. Ke nan lambar da ta fara da NB6 tana nufin Nottingham, a shekarar da ta ƙare da 6, wato 1976 ko 1986. Sauran shaidu ne za su raba gardama. Kafin wannan tsari kamfanin ya yi ta canza salon lamba, don haka ga tsofaffin sai a kwafe lambar daidai a gwada da jadawalin da masu tara kekuna suka tattara a intanet.

*Tarihin kamfani.* Nan ne shekarun sashe na 2 ke aiki. Phillips ko Hercules na Ingila mai ɗauke da sunan Birmingham ya riga haɗewar 1960 ko yana dab da ita. Wanda ke ɗauke da Nottingham bayanta aka yi shi.

*Shaidar gida.* Kada a raina wannan. A tambayi tsofaffi, ko da ba su riƙe shekara ba, sukan riƙe abin da ya faru: "Shekarar da aka haifi yayarku ne," ko "Bayan an dawo daga yaƙi ne." A bincika akwatin takardu. Rasit da aka rubuta da fam da sule ya riga Janairun 1973, lokacin da naira ta fito. In akwai ɗan ƙarfen lasisin keke mai shekara a jiki, ya nuna keken yana kan hanya a wannan shekara, ko da ya girme ta.

*Misali.* Mu ɗauka wani magidanci ya kai wa tsohon mai gyara keken da ya gada.

"Baba, ga keken marigayi. Ina so a fesa masa fenti ya koma sabo."

"Allah ya jiƙansa. Ɗana, bari mu ji abin da keken zai ce tukuna. Karanta mini abin da ke jikin cibiyar nan."

"Na ga 68, sai kuma 3."

"Maris ke nan, 1968. Ga zalɓe a wuya, ga shi a faranti, ga kafaɗar Rali. Ƙirga wayoyin baya."

"Arba'in ne, Baba."

"Madalla. Me Hajiya ta ce?"

"Ta ce da fam ya saya, ana cikin yaƙin basasa."

"To ka gani. Yaƙi daga 1967 ne zuwa 1970. Shaidu sun haɗu. Rubuta: Rali na Nottingham, wajen 1968. Fentin nan kuwa na kamfani ne, ga layin zinariya bai mutu ba. In ka bi shawarata, wanka za mu yi masa."

A lura da kalmar "wajen". Mai gaskiya yakan tsaya inda shaidarsa ta tsaya.

5. Shawara kafin aiki

Tambaya ta farko ita ce ko firam ɗin lafiya yake. A duba mahaɗan bututu ko akwai tsagewa. A shafa ƙarƙashin bututun da ke bayan wuya: in akwai kumburi ko fenti ya yamutse, keken ya taɓa karo. A tsaya a gaba a dubi fok ko ya lanƙwashe baya. Tsatsar sama ba kome ba ce, amma wadda ta huda ƙarfe haɗari ce. Fok mai tsagewa ba a hawansa, kome darajarsa.

Tambaya ta biyu ita ce ta fenti. Fentin kamfani gasasshe ne, ya fi na gwangwani ƙarko nesa ba kusa ba, kuma sau ɗaya keke ke samunsa a rayuwarsa. In rabinsa ma ya rage, a bar shi. A wanke, a goge da man goge mota, za a yi mamakin baƙin da zai fito. Inda ya ɓare, a cire tsatsar wurin kaɗai a ɗiga baƙin fenti da ɗan ƙaramin buroshi. Sai in tsatsa ta cinye ko'ina, ko wani ya riga ya shafe na asali, sannan a yi sabo. Ko a nan ma kada a cike lambar firam, kuma a rufe hanci da baki lokacin gogewa, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Kada garin neman gira a rasa ido.

6. Aikin kansa

*Kayan aiki:* sifanoni, filaya, sukudireba, guduma, makullin waya, famfo, kananzir, giris, man inji, tsohon buroshin haƙori, tsummoki, da gwangwanaye. Kowane sashe da gwangwaninsa, a rubuta sunansa a jiki. Notocin tsofaffin kekunan Ingila awon inci ne, sifanar milimita takan zame ta cinye kansu. In babu wadda ta zauna daram, a yi amfani da sifana mai daidaitawa a matse ta sosai.

*Jiƙo.* Kwana biyu ko uku kafin a fara, a ɗiga kananzir gauraye da man inji a kan kowane noti, da bakin sandar sirdi, da wuya. Yawancin abin da ake karyawa a tsohon keke gaggawa ce ke karya shi. Kada a yi wanki da fetur, tartsatsi ɗaya ya isa.

*Fedoji da gidan feda.* Fedar hagu zarenta a juye yake: ana kwance ta ta bin hannun agogo. Haka ma kofin boris na gidan feda da ke gefen sarƙa, wanda in lafiyarsa ƙalau gara a wanke shi a inda yake. Hannun feda kuwa kota, wato ƙaramar ƙusa mai noti, ce ke riƙe shi. A sassauta notin kotar har ya yi daidai da bakinta, a tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu, sannan a buga da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Bugu kaɗan-kaɗan lanƙwasa ta yake yi, bugu ba tokari kuma boris yake fasawa. Kotar kekunan Ingila kaurinta milimita 9.5 ne. Wajen mayarwa, kotocin biyu su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Da guduma ake zaunar da kota, noti riƙewa kawai yake yi.

*Gargaɗi a kan zare.* Nan ne ake kashe Rali da yawa. Zaren gidan feda da na wuya a kekunan Nottingham guda 26 ne a kowane inci, alhali na yawancin sauran kekuna 24 ne. Kofin kasuwa zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Wanda ya matsa masa da ƙarfi ya cinye zaren firam, kuma wannan ɓarna ce mai wuyar gyara. Duk abin da bai shiga da yatsu ba, kada a tilasta shi da sifana. Shi ya sa ba a zubar da tsofaffin kofuna, kuma mataccen Rali a wurin mai gyara taska ce ta kayan gyara.

*Wuya.* A sassauta doguwar ƙusar da ke tsakiyar kai zagaye uku ko huɗu, a ɗora katako a buga ta ƙasa, kan zai saki. A shimfiɗa zane a ƙasa kafin a zare fok, domin 'ya'yan boris za su zubo.

*Boris.* A wanke kofuna da kon, wato ƙarfen da ke danne ƙwallaye a cikin kofi, da kananzir a duba hanyar da ƙwallaye ke bi. In sumul take, a mayar. In ta yi ramuka, a nemi wani. Ƙwallayen kuwa a sa sababbi duka, suna da araha, kuma kada a gauraya tsoho da sabo. Awon da aka saba shi ne: gidan feda, inci 1/4, guda 11 kowane gefe, cibiyar baya marar giya, inci 1/4, guda 9, cibiyar gaba, inci 3/16, guda 10, wuya, inci 5/32. Duk da haka a ƙirga waɗanda aka tarar, a tafi da ɗaya kasuwa. A cika giris, a ɗaure har girgiza ta ɓace amma abin yana juyawa sakayau.

*Tsatsar farin ƙarfe.* Kai da rim da sandunan birki a goge su da takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa, ko lallausan soson ƙarfe da mai. Samfefa tana kashe ƙyallinsu. Ƙananan notoci a jiƙa su cikin ruwan lemon tsami ko na tsamiya su kwana, a ɗauraye, a shanya, a shafa mai nan take.

*Ƙafafu da taya.* Awon tayar irin wannan keke 28 x 1½ ne, kuma a jikin sababbi za a ga lamba 635, wato faɗin da'irar rim a milimita. Akwai wata tayar da ita ma ake kira 28 amma lambarta 622, ba za ta hau ba. Ƙananan kekunan Ingila kuma 26 x 1⅜ ne, lamba 590. A sa ƙyalle ko roba a cikin rim ya rufe kawunan wayoyi don kada su huda tiyub. Wajen miƙe ƙafa, a riƙa juya kan waya kwata-kwatan zagaye, ana juya ƙafar ana dubawa. Birkin sanda daga ƙarƙashin rim yake kamawa, saboda haka in rim yana tsalle sama da ƙasa birki zai riƙa fizga.

*Cibiya mai giya.* Sau da yawa ba ta bukatar buɗewa. Tana da ɗan murfin mai a jiki, a ɗiga man inji marar kauri. Kada a sa man gyaɗa ko wani man girki, yakan daskare ya riƙe ƙananan haƙoran ciki. A daidaita wayar giya a giya ta biyu, yadda kafaɗar siririn sandan da ƙaramar sarƙa ke ja za ta yi daidai da bakin sandar cibiya. In ba a daidaita ba, feda takan zame tsakanin giya ta biyu da ta uku, mahayi ya faɗi.

*Sarƙa da birki.* Sarƙar awonta inci 1/2 da 1/8 ne, tana nan a kowace kasuwa. Robobin birki a sa sababbi, a tabbata rufaffen bakin maƙalinsu yana kallon inda rim ke nufa in ƙafa na juyawa, don kada juyin ƙafa ya fitar da su.

*Sirdi.* Busasshiyar fata a shafa mata ɗan man kaɗanya ko kakin zuma, kaɗan-kaɗan, a bar ta ta sha. Man inji yana kashe fata. Notin da ke ƙarƙashin hancin sirdi na ɗame fata ne, a juya shi rabin zagaye kawai. In fatar ta yage, a kai wa baduku ƙarfen tare da tsohuwar ya yanka sabuwa a kanta.

7. Gwaji da kulawa

Kafin a hau, a ɗaga keken a saki a hankali a saurara ko wani abu na kwaramniya. A matse birkin gaba a tura, in wuya yana ƙwas-ƙwas a ƙara ɗaurewa. A fara hawa a fili, ba a titi ba. Bayan mako guda a sake bin kota da notoci da wayoyi. A sani cewa birki a kan rim na ƙarfe yana rage kamu sosai in ya jiƙe, don haka da damina a fara kama shi tun daga nesa.

Daga nan sai a ajiye shi a inuwa, a riƙa ɗiga wa sarƙa mai, musamman da hunturu lokacin ƙura. Kayan asali da aka cire a ɗaure su a buhu a adana. A ƙarshe a ɗauki takarda a rubuta sunan kamfani, da lambar firam, da shekarar da aka kimanta, da sunan mai shi na farko, da abin da aka canza. Takardar za ta yi amfani in an sace keken, kuma mai sayen tsohon keke shi ma ya nemi a rubuta masa lambar firam a rasit a gaban shaidu. Amfaninta mafi girma shi ne ranar da keken zai koma hannun ɗa ko jika: ba zai fara tambaya daga farko ba, domin ku da kuka koyi karatu da rubutu kun ajiye masa amsa.

Taƙaitawa

Ana gane keke ta tambari, da kafaɗar fok, da farantin sarƙa. Ana sanin shekarunsa ta cibiya, da lambar firam, da tarihin kamfani, da shaidar gida, kuma sai shaidu sun haɗu ake yanke magana. Wajen gyara, abin da ke cinyewa shi ake canzawa: taya, tiyub, boris, sarƙa, robar birki. Abin da ba ya mayuwa, wato fentin asali da tambari da lamba da zaren firam, shi ake karewa.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka ce firam shi ne keken?
2. Kawo alamomi uku da ake gane Raleigh da su.
3. An ga 59 da 10 a jikin cibiya. Wace shekara ce, wane wata?
4. Wane dalili ne zai sa shekarar cibiya ta saɓa da ta firam?
5. Lambar firam ta fara da NL8. A ina aka yi keken, kuma waɗanne shekaru biyu ne za a yi zato?
6. Me zai faru in aka tilasta kofi mai zare 24 a firam mai zare 26?
7. Keke ya cika shekara nawa a bana in an yi shi a 1968?

Aikin yi

Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta nemi tsohon keke a unguwa, da izinin mai shi. Kada ku kwance kome. Ku zana tambarinsa, ku kwafe duk lambar da kuka gani, ku ƙirga wayoyin ƙafafunsa, ku tambayi mai shi labarinsa. A darasi na gaba kowace ƙungiya za ta karanta wa aji abin da ta rubuta, ta faɗi shekarar da take zato da shaidun da ta dogara da su.